Yaya zan mayar da laftof ɗina kan Windows 10?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shagon buga takardu da cike fom a Agege, kusa da layin dogo. Laftof ɗina tokumbo ce (ta hannu), mai furosesa Intel Core i5 zubi na 6, tana aikinta lafiya lau a kan Windows 10. Juma'ar da ta wuce na kai ta wurin wani yaro a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ya canza mini batir, sai ya ce zai ɗora mini Windows 11 kyauta, wai kowa ya koma can. Tun ranar ban huta ba. Firinta sai ta ga dama take amsawa, fanka na ta gurnani, ana tsakiyar cike wa kwastoma fom sai allon ya yi shuɗi ta mutu ta sake tashi. Jiya wata baiwar Allah ta karɓe takardunta ta wuce shagon gaba. Akwai yadda zan koma na da ba tare da fayilolin mutane sun salwanta ba?

Injiniyan Otigba:
Wa alaikumus salam Malam. Yi sauri, lokaci ne ke cinka. Bayan an ɗora sabon, Windows na ajiye tsohon a wata folda mai suna Windows.old na kwana 10 kacal, daga nan ta share shi da kanta. Shiga Settings, sai System, sai Recovery, ka nemi Go back. In yana dannuwa ka tsira, fayilolinka ba za su taɓu ba, sai dai manhajojin da aka saka bayan canjin ka sake saka su. Duk da haka ka fara kwafe komai a wani faifan. Ka tuno tsohon fasuwad ɗinka, kuma ka jona caja, in babu wuta ka ta da janareta. Kwamfuta ta mutu a tsakiyar wannan aiki ba abin wasa ba ne.

Amma laifin ba na Windows 11 ba ne. A ƙa'idar Microsoft, Windows 11 sai kwamfuta mai furosesa Intel zubi na 8 zuwa sama, kuma mai TPM 2.0, wata 'yar na'urar tsaro da ke cikinta. Taka ba ta cika sharaɗi ba, yaron tsallake binciken ya yi ya cusa mata. Abin da wasu yaranmu ke yi ke nan don a ce sun iya, mu kuma a bar mu da gyara.

Hajiyar Idi-Araba:
Ƙanena, da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma ka san Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025? Kai da kake riƙe da lambobin NIN da hotunan mutane, kuma kullum kana kan intanet. In ka koma, tabbatar kana kan 22H2, wato sigar ƙarshe ta Windows 10, ka yi rajistar ESU, shirin Microsoft na ƙarin wa'adin tsaro, zai ci gaba da ba ka facin tsaro har 13 ga Oktoba 2026. Kafin nan ka fara adashen wata laftof ɗin.

Ɗan Agege:
Na gode Hajiya. Oga Injiniya, na duba, Go back ɗin ya dushe, ba ya dannuwa. Windows.old ma babu. Na kira yaron, ya ce ya goge ne don ya sama mini fili.

Injiniyan Otigba:
To sai dai a zuba sabo daga tushe. Kwashe fayilolinka tukuna, domin wannan karon komai zai tafi. Nemi filash mai 8GB ko fiye, ka sauko da Media Creation Tool na Windows 10, manhajar da ke zuba Windows a filash, daga shafin Microsoft a wata kwamfutar mai lafiya, kada ka karɓi kwafin da ake yawo da shi a kasuwa. Zaɓi irin wanda kake da shi a da, Home ko Pro; in lasisinka na gaske ne, zai kunna kansa da zarar ka hau intanet. Sauko da direban firinta da na Wi-Fi, wato manhajojin da ke sa su aiki, ka ajiye a gefe tun kafin ka fara. Kuma ka yi shi ranar Lahadi da ba ka da layin kwastomomi, don sabuntawar da za ta biyo baya na cin data da lokaci.