Tsohuwar fassara ta kyauta ta wadatar, ko sai an sayi sabuwa?

Lawali: Salamu alaikum jama'a. Ni a ganina, duk mai salula da ɗan kuɗin intanet ba shi da dalilin sayen littattafan adabin da. Dare Dubu da Ɗaya na nan da Faransanci a shafukan intanet na littattafan kyauta, Gallica da Wikisource, ko dala ba ka biya. Zuba jaka goma kan littafi guda a wannan marra ɓarna ce.

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam. Lawali, ka duba sunan mai fassarar kuwa? Galibi ta Antoine Galland ce, wadda ta fito tsakanin 1704 da 1717. Abin da ya sa take kyauta, a Faransa haƙƙin mallaka na faɗuwa shekara 70 bayan rasuwar mai aiki, kuma mai fassara na da nasa haƙƙin daban da na marubuci. Shi ya sa tsofaffin kawai ake saki. Galland kuwa don mutanen zamaninsa ya yi: ya zubar da yawancin baitocin waƙa, ya tace wuraren da ya ga sun yi tsiraici. Labarin Aladin da na Ali Baba ma ba su cikin rubutun Larabcin da ke hannunsa, daga wajen Hanna Diyab, mutumin birnin Halab na ƙasar Siriya, ya same su a Paris a 1709.

Hadiza: Allah shi gafarta Malam, duk na yarda. Amma mu ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ina za mu samu sabuwar? Sai an yi saƙo Yamai, kuɗinta kuma ya kai na abincin kwanaki. Da babu gara ba daɗi.

Malam Isuhu: Ɗiyata, ban hana ki ba. Ki karanta, amma ki san hannun wa ya bi ta kai. Abin da ke damuna shi ne ɗalibi ya rubuta "Larabawa sun ce", alhali Galland ne ya ce.

Alhaji Sani: Ku gafarce ni, me ya kai ku Faransanci tun farko? Dare Dubu da Ɗaya akwai shi da Hausa, tun muna samari daga Kano ake kawo mana. Kuma Abubakar Imam ya ɗebo labaran Larabawa da na Turawa ya zuba a Magana Jari Ce, wa ya ce ya yi laifi?

Malam Isuhu: Ranka shi daɗe, Imam bai ce fassara ya yi ba, sabon gini ya yi da tsohuwar ƙasa. Ba ɗaya suke ba.

Hadiza: Baba Alhaji, na Hausar da ke yawo a WhatsApp hoton shafuka ne, wasu sun dushe, wasu babu su, ba sunan mai fassara balle shekara.

Lawali: To a ɗauko na Larabcin a ba Google Translate mana.

Malam Isuhu: A'a! Labarin zai fito, daɗin maganar ya mutu. Gara Galland sau dubu.

Lawali: Ashe Malam ya dawo layina.

Malam Isuhu: Ban dawo ba. Kai ka ce ta wadatar, ni na ce mafari ce.

Hadiza: Baba Alhaji, in tsohon bugun Hausar nan na gida, a ara mini in gwada shi da na Galland.

Alhaji Sani: Juzu'i biyu suka rage. Ki aiko ƙanenki shago bayan la'asar.