Madugunmu ya faɗi a zango na uku, gobe wa za mu bi?

Koci_Sabo: Salamu alaikum. Tseren keke na kwana biyar muke, mutum shida muka fara. Yau madugunmu ya faɗi a gangara, na tsayar da mutum biyu suka jira shi, suka iso minti 14 bayan ayari. Ɗaya daga cikin biyun ya ƙone ƙarfinsa wajen jan shi, a hawan ƙarshe ya sare, ya wuce wa'adi (iyakar lokacin da aka ba kowa ya kammala zango), an cire shi daga tseren. Madugun ya ce zai iya, amma wuyan hannunsa ya kumbura. Akwai ƙaramin yaronmu da yake na tara a jimillar lokaci. Gobe duwatsu ne. In mayar da kowa bayan yaron, ko in bar wa madugu matsayinsa?

Mai_Sarka: Wace irin taya yake hawa? Wani lokaci faɗuwar gangara iska ce ta yi yawa a taya.

Tsohuwar_Kafa: Koci, ka ji tsoron Allah kan wanda aka cire ɗin nan. Ni aka taɓa yi wa haka. Madugu ya yi faci, motarmu tana can baya, na ciro tayata na ba shi, na tsaya bakin hanya riƙe da keke har makaniki ya iso. Kilomita sittin na yi ni kaɗai, iska tana dukan fuskata, gorata ba ruwa. Na haye layi da minti biyu kacal bayan wa'adi. Da daddare ko ɗakina ba wanda ya leƙo. Shi kuwa madugun washegari ya ajiye keke ya ce gwiwa. Shekarar da ta biyo ba su sabunta mini kwantiragi ba, wai ba ni da sakamako. Ina zan samo sakamako, tayata tana ƙarƙashin wani?

Yar_Gangara: Sannu Baba, wallahi abin da ciwo. Wa'adin naku kashi nawa ne? Mu kashi 15 na lokacin wanda ya ci aka ba mu.

Mai_Sarka: Ina! Kashi 10 ne, sau uku ina hawa.

Yar_Gangara: Malam, ya danganta da wuyar zango da gudun wanda ya ci. Yana cikin littafin kowane tsere.

Mai_Sarka: Wanda bai taɓa jan ayari ba shi ne zai koya mini littafi?

Giya_Babba: Koci, ka bi wanda ya fi cin abinci yau da daddare, shi ne mai ƙafa gobe 😂

Yar_Gangara: Ban ja ayari ba, amma ni nake ɗaure masu rauni. Koci, a ɗauki hoton hannun nan kafin a yi maganar matsayi. Hannun da ba ya matse birki ba ya sauka dutse.

Tsohuwar_Kafa: Kuma dokar wa'adin nan talaka take ci. A Vuelta ta 2016, babban tseren keke na Sifen, zangon Formigal, ranar da Contador da Quintana suka kai hari tun farko aka bar Froome ba mataimaki, mutum 93 suka wuce wa'adi, duk aka mayar da su. In kuna da yawa a yafe, in kai kaɗai ne ka hau mota.

Giya_Babba: To ai Cavendish ma, shahararren ɗan tseren Birtaniya, an cire shi a zangon La Rosière na tseren Tour de France a 2018, shi talaka ne?

Tsohuwar_Kafa: Su kaɗan ne ranar, abin da nake faɗa kenan.

Koci_Sabo: Na gode, an tafi da shi ɗaukar hoton. Maganar yaron fa?

Mai_Sarka: Alƙalan nan dai sai a hankali. Ka fake bayan motarka minti ɗaya bayan faɗuwa, a ci ka tara. Babur ɗin kamara kuwa ya yi ta kare wa na gaba iska, ba mai cewa uffan.

Tsohuwar_Kafa: Ranar tawa ma babur ya wuce ni sau biyu, ko ruwa bai miƙo ba.