Akwatin da ke sarrafa masaukinmu yana buɗewa ba kalmar sirri

Mai Masauki, Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ke kula da wani masauki mai ɗaki 14 a nan Damagaram. Bara maigidana ya ɗauko mai haɗa kaya daga Yamai, ya haɗa mana kilim ɗin ɗakuna, wato na'urorin sanyaya ɗaki, da injin da ke tura ruwa shato da batiran sola a kan akwati guda, ana sarrafa su daga waya. Mun ji daɗinsa ƙwarai, don in wuta ta ɗauke ina rage kilim daga inda nake zaune, batir ya kai mu asuba.

Ran Juma'a da azahar, ana tsakiyar zafin nan, ruwa ya yanke. Na hau shato na leƙa, ko ɗigo babu. Inji lafiyarsa lau, kashe shi aka yi. Kun san halin ruwa a garin nan, ranar sai wajen ƴan garuwa muka saya wa baƙi. Da yamma ɗan yayata, yaro ɗan shekara 15, ya zo jikinsa na rawa ya ce shi ne. Wifi ɗin baƙi ya hau, ya ga wani shafi, ya taɓa. Ya nuna mini a wayarsa: ba a tambayi suna ba, ba a tambayi kalmar sirri ba, sai maɓallai kore da ja, kowane ɗaki da lambarsa. Gabana ya faɗi. Na kira wanda ya haɗa, ya ce haka kayan ke zuwa daga kamfani. Gaskiya ne? Kuma wanda ke wajen gidan zai iya shiga?

Mai Sola, Birni:
Wa alaikumus salam Malam. Haka suke zuwa, amma ba haka ake barinsu ba. Yawancin kayan nan da Modbus ko BACnet, wato yarukan na'urori, suke magana da juna. Modbus tun 1979 aka yi shi, BACnet 1995, lokacin da ake ganin duk wanda ya kai ga wayoyin da suka haɗa na'urorin ɗan gida ne, shi ya sa ba su tambayar wa ya ba da umarni. Yau ɗin nan ka raba wifi ɗin baƙi da na akwatin. Sannan a duba ruta, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, ko an buɗe ƙofa ta 502 ko 47808 zuwa waje, su ne hanyoyin da Modbus da BACnet ke bi. In a buɗe take, akwai shafin Shodan da aikinsa ke nan, tattara na'urorin da ke buɗe a intanet, kowa na iya nemowa.

Alhaji na Zango:
Yaro ne ya yi kuskure, a ja masa kunne a wuce. Wa zai bar bankunan Turai ya zo neman injin ruwa a Damagaram?

Maman Ikram:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, ba mutum ne ke zaune yana zaɓen gari ba. Manhaja ake saki tana ƙwanƙwasa kowace ƙofa dare da rana. A 2016 wata irin wannan manhaja mai suna Mirai ta kama dubban kamarori da ruta da sunaye da kalmomin sirri kusan 60 kacal, irin waɗanda kamfani ke sakawa. A Nuwamban shekarar, a garin Lappeenranta na Finland, hari ta intanet ya tsayar da ɗumama gidaje biyu ana cikin sanyi. Mu namu zafi ne. A asibitin da nake aiki firjin allurar rigakafi kan sola yake, shi ya sa maganar nan ta tsaya mini a rai.

Mai Masauki, Sabon Gari:
Na gode muku. Yaya Mai Sola ya zo da kansa jiya bayan la'asar, Allah ya saka da alheri. Ƙofa ta 502 a buɗe muka same ta, wai don wanda ya haɗa kayan ya riƙa dubawa daga Yamai ba sai ya hau mota ba. Akwatin kamarori kuma suna admin, kalmar sirri admin, kuma ɗaya daga cikinsu kan teburin da nake karɓar kuɗi take kallo. Wata goma sha ɗaya ke nan a haka. Mun rufe, mun canza kalmomin, na rubuta a takarda na kai wa maigida ya sa a sif. Alhaji, yaron ban taɓa shi ba, don ba domin shi ba da har yau ban sani ba. Abin da ya rage, mai haɗawar yana da nasa asusun a cikin akwatin batiran, kuma ya ce in muka goge shi ba ruwansa da garanti. Akwai wanda ya taɓa cin karo da irin wannan?