Waɗanda kayan waje suka kashe wa sana'a: wa gwamnati ta taɓa tallafa wa?

Baduku na Birni:
Salamu alaikum 'yan Damagaram. Mu dukanci muka gada, takalmi da jaka da kube. Tun da takalmin roba na Cana ya cika Kasuwar Dole, wanda nake kwana biyu ina ɗinkawa ba ya fita sai da sallah. Yara shida ne a rumfata da, yanzu saura ɗaya, sauran sun hau kabu-kabu. Wani ɗana da ke jami'a ya ce a Amurka tun 1962 aka kafa tsarin biyan wanda kayan waje suka raba da aikinsa, har a koya masa wata sana'a, sai a 2022 ya tsaya. Mu nan fa? Wanda ya taɓa samun wani abu ya faɗa mana.

Tsohon ma'aikaci, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Malam. Ni na yi shekara 14 a wata masana'anta nan garin kafin a rufe. An ba mu kuɗin sallama, ba su kai mu damina ba. Ka sani, kes ɗinmu ta CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata, fansho take biya, da kuɗin iyali, da na wanda ya ji ciwo a bakin aiki. Babu albashin zaman kashe wando a Nijar. Abin da ya cece ni takardun albashina da na adana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, uwargida tana ta cewa in ba ta ta hura wuta da su. Da su aka lissafa min fansho.

Dan kamasho, Matamaye:
Baba ai kai ka gode Allah, kana da takarda. Mu da muke lodi a Dan Barto, bakin iyakar Nijar da Najeriya, da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 har Disamban 2020 muna zaune ƙarƙashin bedi muna dara. 2023 aka sake rufewa da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Wa zai rubuta maka shaidar cewa ka rasa aiki, alhali ba wanda ya taɓa rubuta cewa kana da shi?

Hajiya mai rini, Zango:
Wallahi ƙanena ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Atamfa mai arha ta sa na kife tukwanen rinina. An zo unguwa an ɗauki sunaye, aka sa mu koyon ɗinki wata uku, aka ce keke na tafe. Takardar shaida dai tana nan a bango. Kuma ko keken ya zo, wa zan ɗinka wa ga gwanjo dila-dila? Ƙanwata a ƙauye ita ta samu jika goma duk wata na tallafin marasa ƙarfi, ta sayi akuya biyu. Amma wannan don talauci ne, ba don sana'a ta mutu ba.

Baduku na Birni:
Hajiya, ina da keke guda da yaran suka bari, ya yi ƙura. Ki aiko a ɗauka bayan la'asar, bel kawai za ki canza.