Na sayar da ƙaramin babur ɗina na hau babba? Waɗanda suka taɓa canzawa ku ba ni labari

Baban Khairat:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, amma ta wanda abin ya bi ta kansa. Shekarata 6 da ƙaramin babur ɗina Today, mai 50cc ɗin nan, na hannu na saye shi, kuma wallahi bai taɓa ba ni kunya ba. Da can daga Mandawari zuwa makarantar da nake koyarwa taku kaɗan ne. To farkon zangon nan aka yi mini canjin wurin aiki zuwa gaba da Rimin Gata. Yanzu kullum sai na bi Sabon Titi, na faɗa Tal'udu, na ratsa Kabuga, sannan na miƙe titin Gwarzo.

Daga Rijiyar Zaki zuwa sabuwar BUK nan hankalina ke tashi. Na murɗe hannun mai har ya tsaya, inji na ta kuka, amma tifofin yashi suna tafe a bayana suna danna hon, dole na sauka gefen kwalta na ba su hanya. Ga yara biyu da nake fara saukewa a makarantarsu kafin na wuce.

Wani dillali ya kawo mini mai 150cc, irin marar giyar nan mai bel, ya ce mu yi furfure na ba da ciko. Cikon zai cinye adashin da zan ɗauka ƙarshen wata gaba ɗaya. Wanda ya taɓa barin ƙarami ya koma babba, don Allah ya faɗa mini abin da ya tarar, daɗinsa da wahalarsa.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, je ka auna ƙofar soronku. Ni da na yi wannan canjin ban auna ba. A Yakasai muke, lungunmu in mai kura ya shigo sai kowa ya raɓe jikin bango. Ranar da na kawo babban, da murnata, muka zo shigar da shi, kai ya shiga amma ya ƙi juyawa a kwanar soro, ga dokin ƙofa na kartar cikinsa. Mu uku muka ciccibe shi. Kwana 4 muna haka, na ga ba mai dorewa ba ne, na koma kai shi gidan wani maƙwabci mai get a bakin titi, ina ba yaron gidan ɗan ihsani duk wata. Kuma ka san halin da ake ciki da ɓarayin babur, duk motsin da na ji da dare sai na farka.

A kasuwa ma haka. Ƙaramin ina cusa shi ko'ina tsakanin dilolin atamfa. Babban sai na nemi inda zan kafe shi nesa da shago. Wata 7 na sayar, da asara. Ba laifin mashin ɗin ba ne, mai kyau ne ƙwarai, hanyata ce ba tasa ba. Daga Yakasai zuwa Kantin Kwari ina zan yi gudun da na saye shi dominsa?

Abu Sudais:
Ni kuma akasin Alhaji Ɗan Kwari ne. Ina zaune a Mariri, ina aiki a wani asibiti kusa da Wudil, kullum ina kan titin Maiduguri safe da yamma. Da ƙarami na fara. Wata rana tirela ta wuce ni da gudu, iskarta ta ɗebe ni kamar ganye, sai ga ni a ƙasa gefen hanya, gwiwa da tafin hannu duk sun saɓule. Allah ya tsare, ba abin da ke biye da ita. A satin na fara neman babba.

Abin da mutane ba sa ganewa, ba don gudu na saya ba. A babban titi wanda ya fi kowa tafiya a hankali shi ya fi kowa shiga hatsari, don kowace mota sai ta wuce shi, kuma kowane wucewa caca ce. Yanzu ina tafiya daidai da motoci, injin bai ma san ana yi ba. Nauyinsa ya danne shi a ƙasa, iska ba ta wasa da shi. Birkin gaba na faifai ne, in na taɓa yana ji. Malam, titin Gwarzo da tifofin nan ba wurin 50cc ba ne, balle da yara. Ka canza, ka kuma sayi hular kwano a ranar.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Malam, Allah ya ƙara sani. Sama da shekara 20 ina kwance injin babur, bari na yi maka dalla-dalla, ka yi haƙuri da tsawo.

Today ɗinka mashin ne na kirki, amma a Japan, ƙasar da aka ƙera shi dominta, doka ba ta yarda a yi goyo a kan 50cc ba, kuma dokar ta ce gudunsa a titi kada ya wuce kilomita 30 a awa. Mutum ɗaya, zuwa cefane, a dawo. Kai kuwa ka ɗora masa mutum uku, ka murɗe shi tun daga Kabuga har Rimin Gata kullum. Ba zai yi maka gardama ba, a hankali zai fara shan baƙin mai, ka ga hayaƙi, sai ring ɗin cikin inji ya lalace. Saboda haka maganar canji ta zama dole. Tambayar ita ce wanne.

Dillalinka ya nuna maka cc, bai nuna maka taya ba. Tayar Today inci 10 ce. Da yawa daga manyan masu bel ɗin nan tayarsu 10 ce ko 12 ko 13. Ta roba-roba, siririn babur ɗin nan mai giya da sarƙa, 17 ce. Ramin da babbar taya za ta haye ta wuce, ƙarama faɗawa take ciki, in kana gudu kai ya kufce maka. Ƙarin ƙarfin inji a kan ƙaramar taya, a titi mai ramuka, abin dubawa ne sosai.

Sai bel. Daɗinsa ba a magana, murɗa kawai ka tafi, ba giya ba kulochi. Amma bel ba ya sallama in zai tsinke. Sarƙa tana ƙara, tana saki, ka zo a ɗaure maka, ko ta tsinke mai faci ma zai iya haɗa maka ka ƙarasa gida. Bel in ya tafi sai sabo, kuma sai daidai lambarsa. Akwai mashin a rumfata yanzu haka, sati 3 ke nan mai shi na zarya, an duba Ƙofar Ruwa an duba Sabon Gari ba a sami rola da bel ɗinsa ba, don irinsa ba su yi yawa a gari ba. Ga damina: in ka shiga ruwan da ya kai gidan bel, sai ka ji inji na ihu mashin ba ya motsi, bel na sulɓi. Da hunturu kuma ƙura ta toshe soson da ke tace iska.

Da ni ne kai, roba-roba mai 110cc zan duba. Giya 4 ce a ƙafa, ba kulochi a hannu, kwana biyu ka saba. Ya ninka naka ƙarfi, siriri ne zai shiga soro, kayansa kuwa ko a ƙauye ka lalace za ka samu. In kuma ranka na kan mai bel ɗin, to ka tambayi dillalin shago nawa ke sayar da bel ɗinsa, ka je da ƙafarka ka gani.

Ko wanne za ka saya na hannu, ka je da sassafe a tayar da shi a gabanka injin na sanyi. In ka tarar an riga an ɗumama shi, akwai abin da ake ɓoyewa. Ka leƙa ƙarƙashi ko yana ɗigar mai. Sannan rasit na asali, lambar inji da ta jikin ƙarfe su yi daidai da takarda. In babu, ko kyauta ne ka bar shi.

Ɗan Kurna:
Ba wanda ya taɓo maganar mai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta tsallake 1,000. Masu mota suna ajiyewa suna neman irin naka, Malam, kai kuma za ka rabu da shi? Ni na koma 125 daga ƙarami, abin da ke kai ni sati yanzu kwana 5 yake yi. A wata kuɗi ne, ga albashin koyarwa.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Gaskiya ne ɗan'uwa, amma ƙaramin inji a murɗe har ƙarshe shi ma shan mai yake, ba kamar yadda Malam ya saba a cikin gari ba. Malam ya cika tanki ya lissafa kwanakin yanzu, zai ga tazarar ta ragu.

Maman Hanif:
Ku bari mu da ake goyawa mu ce wani abu, tunda mu ke zama a baya. Lokacin da gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, mun daɗe muna bin Adaidaita Sahu ni da yara, maigidan na tafe shi kaɗai a kan ƙaraminsa. Da abubuwa suka lafa muka koma hawa, a nan na san ƙanƙantarsa. Zama a ɗofane, rabin jiki a kan ƙarfen baya, kowane rami sai na ji shi a ƙugu. Ina da cikin Hanif na ce na daina.

Da ya sayi babban mai bel, kujera faffaɗa, ga wurin ɗora ƙafa, ga akwati a ƙarƙashin kujera da ke cinye cefane. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne a rufe yake, ba sarƙa a waje. Ƙanwata hijabinta ya taɓa naɗewa a tayar baya ta wani mashin mai sarƙa a wajen Gwammaja, ya fizgo ta ƙasa ta wuya. Sati 2 ba ta iya juya kai. Baban Khairat, in roba-roban za ka saya kamar yadda Oga bakanike ya ce, ka tabbata murfin sarƙar na nan ba a cire ba, kuma duk hawa ka waiga ka ga Maman Khairat ta tattare hijabinta a cinya. Ita ma ka tambaye ta, don adashin nan na san da ita aka yi tattalinsa.

Baba na Ƙoƙi:
'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Jikana ke rubuta mini. Ni Vespa na hau tun zamanin Shagari, ta Italiya, giya a hannun hagu, ana haɗa mata fetur da baƙin mai, ga tayar safiya a ɓoye a gefe. Da ita na yi auren fari, da ita na kai yara makaranta har suka girma. Da ƙarfi ya fara raguwa yara suka haɗa kuɗi suka sayo mini wani babba na zamani, sabo fil. Na gode musu, na hau wata 2. Ranar nan a ƙofar masallaci zan kafe shi a babban jak, ya rinjaye ni, muka tafi ƙasa tare, sai da samari suka ɗaga shi daga kan ƙafata.

Kai yaro ne, Malam, ba za ka ji wannan yanzu ba. Amma ka gwada abu biyu a gaban dillalin: ka kashe injin ka tura shi tsawon lungunku, kamar ranar da mai ya ƙare maka, sannan ka kwantar da shi a hankali ka ga ko za ka iya ɗaga shi kai kaɗai. Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri.

Ɗan Kurna:
Amin Baba. Malam, ka duba masu caji ma, sun cika gari yanzu, ba ruwanka da gidan mai.

Abu Sudais:
Sai in unguwarsu na samun wuta ko yana da sola. Kuma da yara biyu a doguwar hanya batir na saurin sauka. Abokin aikina na da shi, a ofis yake ƙara caji kafin ya iya komawa gida.

Baban Khairat:
Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na bi maganganunku ɗaya bayan ɗaya.

Na auna soro da igiya kamar yadda Alhaji ya ce, na kai igiyar jikin mashin ɗin dillali. Ƙofar za ta ɗauke shi, kwanar ce ba za ta ɗauka ba. Na tura shi a kashe daga bakin titi zuwa ƙofar gida, na iya, amma sai da na jiƙe da gumi. Na tambayi bel ɗinsa a shago 5, ɗaya ne ya ce zai iya sa a kawo daga Legas.

Sai na ari roba-roban ɗan yayata na yi kwana 3 ina zuwa aiki da shi. Ranar farko giya ta ba ni wahala a cunkoson Tal'udu, ina ta taka ta ba daidai ba. Rana ta uku na wuce Rijiyar Zaki tifa na bayana, ban sauka daga kwalta ba, na riƙe hannuna har ta sami wuri ta wuce. Yara sun ce bayan ya fi faɗi. Maman Khairat ta hau sau ɗaya, ta ce kujerar mai bel ɗin ta fi mata, amma ta yarda da wanda zai kwana a cikin gida.

Na ba dillali haƙuri. Today kuma ba furfure zan yi da shi ba, ƙanena da ke ɗinki a Ƙofar Wambai zai karɓa ya riƙa biya a hankali, hanyarsa duk cikin gari ce. Oga, in kana da sarari ranar Asabar bayan sallar asuba, akwai guda biyu da nake so ka raka ni mu gani tun ba a tayar da su ba.