Wayoyi suna shiga intanet, amma kwamfutar tebur ta ƙi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana game da tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 10 da nake aikin buga takardu da ita a gida. Yau kwana uku ke nan, tun daren da aka ɗauke wuta, ba ta buɗe kowane shafi, alhali wayoyin gidan duka suna aiki lafiya lau da wannan Wi-Fi ɗin. Na kashe rauta na kunna, na ƙara sayen data, abin bai canza ba, ga aikin mutane ya taru a hannuna.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Tunda wayoyi suna aiki, matsalar ba daga layi take ba. Ka buɗe Command Prompt, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ipconfig. Idan adireshin da ya fito, wato lambar da ake gane kwamfutar da ita a kan Wi-Fi, ya fara da 169.254, kwamfutar ce ta ba wa kanta shi saboda ba ta samu daga rauta ba, sai ka rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. Idan kuwa da 192.168 ya fara, ka gwada ping 8.8.8.8 (ping umarni ne da ke duba ko wata na'ura a intanet tana amsawa), daga nan ping google.com; in na farko ya amsa na biyu ya yi shiru, to DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshinsa, shi ne ya samu tangarɗa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Adireshin 192.168.8.102 ne, kuma duka biyun sun amsa. Sai dai Chrome yana nuna jan gargaɗi, a ƙarƙashinsa an rubuta NET::ERR_CERT_DATE_INVALID.

Amsa ta biyu:
Malam, intanet ɗinka lafiyarsa ƙalau. Ka dubi kwanan watan da ke kusurwar dama ta ƙasan allon. Kowane shafi mai https yana da takardar shaida wadda ke ɗauke da ranar fara aikinta da ranar ƙarewarta, kuma idan agogon kwamfuta ya faɗa wajen wannan tsakanin, manhajar ba za ta amince da shafin ba. Abin da ke riƙe lokaci bayan an cire wuta shi ne wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, da ke maƙale a babban allon cikin kwamfutar, kuma idan ya mutu agogo yakan koma shekarun baya da zarar wuta ta ɗauke. Ka fara gyara kwanan watan da hannu, domin idan tazarar ta yi yawa daidaitawar lokaci da Windows ke yi da kanta takan ƙi yi. Ina roƙonka kada ka yarda a goge maka kwamfuta a kan wannan, na ga waɗanda suka rasa takardunsu a banza ta haka.

Mai tambaya:
Wallahi haka ne, Malama, 1 ga Janairun 2012 na tarar. Ina gyarawa shafuka suka buɗe. Gobe in sha Allah zan sayo batirin wurin mai gyaran agogo, in zare wayar wuta kafin in buɗe murfin. Allah ya saka muku da alheri.