Injin surfen acca da na ƙera a makaranta, na waye?

Ɗan Rikkos:
Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a sashen injiniya, aikin kammala karatuna kuwa ɗan injin surfen acca ne. Duk wanda ya ga yadda iyayenmu mata ke fama da turmi, ga yashin da sai an yi ta rege kafin a dafa, ya san amfaninsa. Wani mai walda a Dilimi, cikin Jos, ya ce in ba shi zanen ya riƙa ƙerawa muna raba riba. Malamina kuma yana so mu buga aikin a mujalla. Ni na sayi ƙarafan, amma da kayan makaranta aka haɗa. Ta ina zan fara?

Anti Lami:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, zanen nan ya zauna a jakarka tukuna. Dokar rajistar ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ba ta kare abu sai sabo. Da zarar ya fito a mujalla, ko ka ɗora bidiyon cikinsa a Facebook, ya tashi daga sabo, ko da kai ka fitar da hannunka. Kuma wanda ya riga shigar da takarda shi doka ta sani. Hukumar NOTAP, ta gwamnatin tarayya mai kula da bunƙasa fasaha, ta buɗe ofisoshin wannan harka a jami'o'i da dama, ka bincika ko akwai a taku. Kariyar ta shekara 20 ce, ana biyan kuɗi duk shekara. A yi rajista, sannan Malam ya buga abinsa.

Malam Sabo:
Batun mallaka, doka ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aiki na wanda ya ɗauke shi ne. Ɗalibi ba ma'aikaci ba ne, don haka sai ka karanta ƙa'idar makarantarku, ka ga kason kowa a rubuce.

Baban Walid:
Ni dai takarda ba ta ruɗe ni ba. Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar, yana da rajista har a Amurka. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin sarrafa shi, kamfanin ya durƙushe, magani ya ɓace a kasuwa. Yaro, mudu nawa injinka ke surfawa a awa, kuma yana farfasa ƙwayar?

Ɗan Rikkos:
Yana ɗan farfasawa idan accar ba ta bushe sosai ba, Baba. Anti, mai waldan fa ya riga ya leƙa cikin injin. Wannan ma ya ɓata sabuntar?